Wankan Jegon da Bai Kai Arba'in Ba

Ban yi karatu mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, amma abin da idona ya gani a Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, ba na mantawa. Mu Hausawa ne Kirista, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Maigidana mai bishara ne. Wata majami'ar Yarabawa a Mokola ce ta ɗauki nauyinsa, aka kawo mu Ibadan ina da cikin wata shida.

Gidaje huɗu aka hana mu ɗaki da aka ji aikinsa. A na biyar wani Alhaji mai sayar da goro ya karɓe mu. Ya ce wa maigidana, "Addininka naka ne, Malam. Amma gidan nan na matan kulle ne. Kai kanka sai ka yi sallama ka jira su kintsa. Baƙo namiji kuwa, iyakarsa zaure."

Kullum da safe maigidana yakan ɗauki jakar littattafansa ya fita. Ya zauna da masu gyaran takalmi, ya hau keke zuwa Ojoo wurin 'yan dako. Da yamma jakar ta dawo da nauyinta. Mai shayin bakin layi ma kofi dabam ya ware masa. Ƙarshen wata kuma mutanen majami'a su tambaye shi mutum nawa ya samu, ina hotuna. Ranar ba ya iya cin tuwo.

Ni kuwa tsorona ɗaya ne, wankan jego. Na haifi 'ya mace, mahaifiyata ba ta da halin zuwa. Ina yarinya na ga gwaggona ta kumbura bayan haihuwa har ta mutu, aka ce sanyi ne ya shige ta don ba a gasa ta da kyau ba. Kwana biyu da haihuwa sai ga Inna, mahaifiyar Alhaji, a ƙofar ɗakina.

"Ke matar Fasto, wa ke miki wanka?"

Na ce babu.

"Babu? To cocin ne zai miki? Tashi, raguwa."

Safe da yamma take hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya. Ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta fyaɗa mini a baya, ina ihu, matan gidan suna dariya. "Yi ta kiran Yesu," in ji ta, "ni dai sai kin yi arba'in." Ta dama mini kunun kanwa, ta tsaya a kaina har na shanye.

Ranar kwana goma sha bakwai, da hantsi, mutanen majami'a suka zo barka, mata uku da maza huɗu. Maigidana ya fita. Ina bakin ƙofa na hango su a zaure, da robar wanka da sabulu da atamfa a hannu. Na san abin da ya kamata in yi, in ɗaga hannu in tsayar da mazan. Amma su ke ciyar da mu, kuma ba ni da Yarabanci, ba ni da Turanci. Na yi tsaye kamar an dasa ni. Suka shigo da waƙa.

Matar Alhaji tana tuyar awara da ɗaurin ƙirji. Wata ana mata kitso, kai a buɗe. Ɗaya daga cikin mazan ya ɗaga waya yana ɗaukar tsakar gidan, yana murmushi, wai ga mutanen da ake wa aiki. Mata suka watse. Kaskon ya kife, mai ya zube wa matar Alhaji a ƙafa. Baƙin ba su gane ba sai da suka ji kukanta.

Da yamma Inna ba ta hura wuta ba.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Daga ɗaki na ji shi a zaure yana cewa, "Malam, me na ce maka? Hoton iyalina ba mayafi a wayar wani ƙato." Ya ba mu kwana goma mu tashi. Maigidana ya je Mokola ya roƙa aka goge hotunan, ya dawo ya rantse wa Alhaji an goge, rantsuwar ba ta sauya komai ba.

Na je na durƙusa a ƙofar Inna.

"Inna, ki yi mini aikin gafara."

"Kin gan su a zaure?"

"Na gan su."

"To. Su baƙi ne, ba su sani ba. Ke 'yar Hausawa ce." Ta saki labule.

Na ci gaba da wankan ni kaɗai. Ba na iya sauke babbar tukunyar, sai in dafa kaɗan a ƙarama, kafin in kai banɗaki ya huce. Hannuna ba ya kai ganyen tsakiyar bayana. Da muka koma wani ɗaki a bayan tashar Ojoo, babu ma wurin hura itace, na bari a kwana ashirin da bakwai.

Maigidana bai ƙara shiga layin ba, masu gyaran takalmin ma sun daina matsa masa a benci. Yarinyar tana tafiya yanzu. Ni kuma kowace safiya, kafin in sauko daga tabarma, sai na danna ƙaurina da yatsa, in zuba ido in ga ko wurin zai lotsa ya tsaya.