Lambar Jirgin Ƙaura

A kasuwar Talata Mafara, bayan rumfar masu albasa, wani tsoho yana zaune da faifan tagulla bisa cinyarsa. Yana dangwala ɓarin lemun tsami cikin toka yana goge faifan a natse, har tagullar tana ɗaukar ido. Bayan hannuwansa duk tabon ƙuna ne, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka. Wani mai albasa ya ce mini lambar tsohon jirgin ƙasa ce, mai gawayi, wanda ke kai fasinja Ƙaura Namoda. Ban tambayi tsohon ba, amma raina ya ba ni shi ke zuba wa jirgin gawayi a da, kuma sauran jirgin tuni an yayyanka an sayar.

Sai ga mai sayen tsofaffin ƙarafa da sikelinsa. Ya durƙusa, suka gaisa har iyali da gona.

"Baba, kawo tagullar ga in auna maka."

Tsohon ko kai bai ɗaga ba. "Ɗana, sikelinka ba shi ɗaukar ta. Jirgi ne sukutum, da mutane ciki."

Ya hure tokar, ya ci gaba da guga.