Tabon da ke Girar Umma

A duk layin, Kar-ka-motsa ake ce wa tsohon mai hoton nan, har yaran da ba su taɓa leƙa shagonsa ba. Shekara talatin da ɗoriya yana faɗin kalmar nan kafin ya danna kyamara, har ta cinye sunansa na gaskiya. Shagon ɗan tsukuku ne, tsakanin tela da mai gyaran waya. Kana shiga za ka ga labule biyu, fari na fasfo da shuɗi wanda rana ta koɗe gefensa, kujera marar jingina, madubi da mataji a rataye, sai fitilu biyu masu lema. Bayan labulen akwai kabad ɗin ƙarfe mai durowa goma sha biyu. Ko matarsa ba ta taɓa shi.

Auta ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Gidansu yana kallon shagon, kuma ita ma mai hoto ce, a faɗarta. Tana da waya mai ido uku da mabiya dubu tara, kuma duk wanda ya shiga hotonta sai ya fito fes, fata sumul, hanci a miƙe. In ta wuce sai ta tsokane shi.

"Baba Kar-ka-motsa, har yanzu kana nan kana fito da mutane da muninsu?"

"'Yar nan, ni haske nake gyarawa. Fuska ba ni na yi ta ba."

"Shi ya sa duk 'yan fasfo ne ke zuwa maka."

"Ke kuma naki duk kamarsu ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su."

Sai ta yi dariya ta wuce, tana cewa a ranta tsohon nan zamani ya bar shi a tasha.

Ana nan Ummansu ta rasu. Ciwon kwana huɗu, shi ke nan. Abba kuwa, tsohon direban bas, shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi, ta kuma taɓa masa tunani. Yau ya gane ka, gobe ya tambaye ka ɗan wane ne. Likita ya faɗa musu gaskiya: abin raguwa zai riƙa yi. Wata biyu bayan rasuwar, wata safiya, ya ture kofin shayinsa ya ce, "Ku nuna mini fuskar mamanku. Tana ɓace mini."

Auta ta ce wannan ai aikinta ne. Hotunan Umma sun fi ɗari uku a wayarta. Ta durƙusa gefen kujerarsa ta buɗe na farko. Abba ya daɗe yana kallo.

"Wace ce wannan?"

"Umma ce mana, Abba."

"A'a."

Ta wuce na biyu, na goma, na hamsin. A'a. A'a. Ya fara juya kai yana kallon bango. A nan Auta ta ga abin da yake gani. Umma baƙa ce, tana da wushirya, tana da tabo da ya raba mata gira. Matar da ke cikin wayar fara ce tas, girarta a cike, haƙora a jere. Kowane hoto sai da Auta ta bi ta kansa da filta. Na ainihin kuwa, duk lokacin da waya ta ce wuri ya cika, su take fara gogewa, tunda a ganinta su ne marasa kyau.

Yayanta da ke tsaye bakin ƙofa ya ce, "Sannu da aiki, mai hoto. Kin mayar da Umma 'yar tallan man shafawa."

Auta ta sake ɗaukar wayar. Ta bi dangi kaf a waya. Duk hoton da aka turo mata, nata ne ya zagayo ya dawo. Abin da ya fi tsorata ta, da ta rufe ido tana neman tabon, sai ta kasa tuna ko girar dama ce ko ta hagu.

Washegari da hantsi ta tsallaka titi. Ta tsaya bakin shagon, ba tsokana, ba dariya.

"Baba, Ummanmu ta taɓa ɗaukar hoto a nan?"

Ya ɗago daga goge gilashin kyamara ya dube ta. Bai tambaye ta ina hotunanta ɗari uku ba.

"Allah ya jiƙanta. Ta taɓa. Shekarar da aka zuba wa titin nan kwalta, an ce su sake katin aiki a makarantar da take koyarwa. Zauna."

Ya ja durowa ta tara. Ambulan ne jere reras, kowanne da rubutun fensir a bayansa. Yatsunsa suka yi ta tafiya a kansu har suka tsaya. An rubuta: matar direba, gidan da ke kallonmu, koren mayafi, da kwanan wata da wata lamba. Ya kunna tsohuwar kwamfutarsa, wadda sai ta gama nishinta take buɗewa.

Suna jira Auta ta ce, "Duk wanda ka ɗauka kana ajiyewa? Har na fasfo?"

"Har na fasfo. Ɗaya a nan, ɗaya a gida cikin akwatin matata. Kullum tana mita na cinye mata wurin zannuwa."

Ya ce da wankin hoto ya fara, a ɗaki mai duhu, hannunsa kullum yana warin magani. Shekararsa ta uku da buɗe shagon nan rufi ya yi yoyo, ruwa ya cinye kwali guda na fim. Bai damu sosai ba, ai an riga an ba masu hotuna nasu. Sai wata mata ta zo neman hoton ɗanta da ya rasu, nata ya ƙone da ɗakinta.

"Na ce mata babu. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Godiya ta yi mini ta fita. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Tun ranar na gane danna kyamara kowa ma zai iya. Aikin yana ranar da mutum zai dawo."

Kwamfutar ta buɗe. Ya buga lambar. Hotuna biyu suka fito. Na farko na katin ne, Umma ta ɗaure fuska kamar za ta shiga aji. A na biyun tana dariya, kai ya ɗan karkace, wushirya a fili, baƙar fatarta tana sheƙi, kowane layi na gefen idonta yana nan. Ga tabon. Girar hagu.

"Na tsaya gyara fitila, ta ce, malam ka ɗauka mana, na bar tukunya a wuta! Na ce kar ki motsa, ta ce tukunyar za ka faɗa wa. Ta fashe da dariya, na danna. Ba ta ma san na ɗauki wannan ba."

Auta ta toshe baki da mayafinta. Ya bar ta ta yi kukanta, ya juya ya wanke hoton babba, ya jira ya bushe, ya sa a firem, ya goge gilashin da gefen rigarsa.

Abba yana tsakar gida an fito da shi shan iska. Auta ta ɗora masa firem ɗin a cinya. Hannunsa mai lafiya ya tashi a hankali, yatsa ya sauka daidai kan girar.

"Ga 'yar rigimata," ya ce. "Taga ce ta faɗo mata, ranar da muka tare a ɗakinmu na farko. Na ce bari in gyara gobe. Shekara arba'in tana yi mini gorin goben nan."

Ya yi dariya da rabin bakinsa. Yayan Auta ya juya baya yana share ido.

Bayan kwana biyu Auta ta turo keken Abba ta tsallaka titi da shi, firem ɗin a rungume a ƙirjinsa, don ya ƙi yarda a ajiye. Ta ce a ɗauke su tare, ita da shi, kuma a bar mata ƙurajen goshinta yadda suke.

Tsohon ya ja shuɗin labule, ya gyara lema, ya leƙa kyamara.

"To, direba. Kar ka motsa."

Abba ya ce, "Ina zan je?"

Suna cikin dariya ya danna.