Awa Huɗun da Na Faɗa wa Baba

Damina goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baba, kuma har yau idan jirgi ya ratsa sararin Dakoro sai in ɗaga kai in bi shi da kallo.

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana kora shanu daga Bader Goula zuwa kasuwannin kudu. A wurinsa ba da kilomita ake auna nisa ba, da zango ne: inda za a kwana da rijiyar da za a shayar. Ranar da na samu gurbin karatu a Aljeriya, tambaya ɗaya ya yi mini: "Kwana nawa ce tahiyar?"

Na ce, "Ba a kwana, Baba. Daga Yamai zuwa Alje awa huɗu ce a jirgi."

Ya yi dariya, ya ce ashe kasuwar Sabon Maci ta fi nisa ga mai jaki, ya sa mini albarka. Ni kuwa na san abin da na ɓoye. Ban faɗi yinin da ake yi a mota kafin Yamai ba, ban faɗi cewa jirgin ba kullum yake tashi ba. Tsoro nake ya hana ni.

A shekarata ta uku ciwo ya kwantar da shi. Ƙannena suka so su kira ni, ya ce a bar ni in gama jarrabawa, ai kusa nake. Ranar da aka kira, ya riga ya cika. Jirgin bai yi ƙarya ba, awa huɗunsa ya yi, amma ni sai ranar sadakar uku na iso gida. Shekara da shekaru ina ganin ƙaryata ce ta hana mu sallama.

Yau yara na latsa waya ta gaya musu nisan kowane filin jirgi da ɗan'uwansa, har da mintoci. Da Baba na nan, na san zai juya wayar gaba da baya, ya tambaya ko ta taɓa jiran mota ta cika a tasha.

Bara dai na kasa riƙewa, na faɗa wa Inna. Tana tsintar wake, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kai ne za ka ruɗi mutumin da ya auna hanya da ƙahwa? Tun kahin ka tahi ya tambayi direbobi, ya tambayi alhazai. Ya dawo ya ce mini kwana ukku ne, in an yi sa'a."

"To, Inna, mi ya sa bai ce komi ba?"

"Cewa ya yi in ka gane ya sani, ba ka iya tahiya."

Sai hawaye suka zubo mini. Baba bai bar mana garke ba, gidan ma mun sake masa gini. Abin da ya rage mini nasa shi ne wannan: ya san nisan, ya san shekarunsa, ya yi dariya ya bar ni na tafi. Allah ya jiƙan Baba.