Ta Kiru ko ta Doguwa?

Maikano mai facin keke ne a bakin kasuwar Kiru, amma ba faci ya sa aka san shi ba, dara ce. A gindin tsamiyar da yake aiki aka haƙa guraben dara, kuma ba a kasa wasa a nan sai ya ɗago kai daga tayar da yake shafa wa sholisho ya ce, "Ta Kiru ko ta Doguwa?"

Baƙo kan ɗauka tsokana ce. Sai Maikano ya ajiye famfo ya warware masa: ka jera uku ka ci ɗaya, wannan kowa ya yarda. Abu guda ne ke rikita mutane. A wadda 'yan gindin tsamiyar ke kira ta Kiru, 'ya'yan da suka riga suka jeru uku ba a taɓa su. A ta Doguwa kuwa, wanda ka ga dama shi za ka ɗauke. "Babu ta ƙarya a ciki," in ji shi. "Zaɓi ne, amma kafin a kasa ake yin sa."

Wata ranar kasuwa a 1988 ya tafi Bebeji sayo tayoyi. Ƙanensa Mudi ya zauna wasa da Ɗantani, makiyayi daga Doguwa, amininsu tun samartaka, ba wanda ya yi tambayar. Ɗantani ya jera uku, ya miƙa hannu ya cire ɗa daga jeren Mudi. Mudi, wanda bakinsa ya fi tunaninsa sauri, ya kira shi macuci a gaban jama'a. Ɗantani ya miƙe tsaye. Ya kaɗe riga, ya saɓa sanda ya tafi. Damina ta shiga ta fita bai sake taka wurin ba.

Abin ya ci wa Maikano rai ƙwarai, don yana ƙaunar su biyun. Bai yi wa ƙanensa faɗa ba. Kullum dai sai ya kira shi su kasa ta Doguwa, yana yagar masa jere ba tausayi, har Mudi ya gane haka ake yin ta a can, ba cuta ba ce. Bayan kaka Maikano ya shiga mota har rugar su Ɗantani, suka gaisa, ya ce, "Gurabenka sun cika da ƙasa. Zo ka yashe abinka."

Ɗantani ya zo, fuska a ɗaure. Suka zauna shi da Mudi, kowa yana kallon ƙasa. Maikano ya jefa tambayarsa kamar kullum.

"Ta Kiru," in ji Ɗantani a taƙaice.

Mudi ya girgiza kai. "Ta Doguwa, Yaya."

Wasa ya yi nisa, Ɗantani ya jera uku. Hannunsa ya tsaya a kan jeren Mudi, ya kasa sauka. Mudi da kansa ya zaro ɗan tsakiya, ya buɗe tafin Ɗantani ya sa masa.