Ranar da Na Ɓata Fassarar Fim a Gaban Kawu

Ana idar da sallar asuba muka bar Maraɗi, ni da yayata, a babbar motar da ke zuwa Yamai. Dubiya za mu. Kawunmu, ƙanin Mama, ya samu shanyewar ɓarin jiki. An sallamo shi daga asibiti, amma mako uku ke nan bai ce wa kowa uffan ba, abinci ma sai an yi da gaske. Likita ya ce harshen bai mutu ba, sai dai in ba ya motsa shi, maganar na iya tafiya ke nan. Ciwon gwiwa ya hana Mama doguwar tafiya, shi ya sa ta aike mu. A bakin ƙofa ta ja mini kunne cewa gidan marar lafiya ba gidan biki ba ne, in kama bakina. Kun dai san ni, ko a zaman makoki sai na ciji mayafi don in danne dariya.

Damina ce, gero ya yi kore shar hagu da dama. A Galmi masu albasa suka yanyame motar, yayata ta tsaya ciniki har direba ya gaji da kiranta, ta dawo tana mitar cewa abin jika ɗaya ya koma jika biyu. A Ƙonni muka sayi kilishi, a Doso muka ci shinkafa da miyar da ruwa ya fi nama yawa. Da muka zo wajen Kure kowa ya leƙa taga yana rantsuwar ya hango raƙumin dawa. Ni dai jaki na gani, ba zan yi muku ƙarya ba.

Bayan la'asar muka shiga Yamai. Mai taksi ya tarbe mu da Zabarmanci, da ya ji bakinmu sai ya juya Hausa, ya yi ta kauce wa kududdufai har unguwar Talladje.

Gidan Kawu kuwa tsit. Inna, matarsa, ta lulluɓe tele, wato talabijin, da zane, ta kwashe jikoki ta kai gidan iyayensu, don ta ji likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Masu dubiya na shigowa layi-layi, kowa ya ɓata fuska, ya ce sannu, Allah ya sawwaƙe, sannan ya zauna ya ba da labarin wani da irin ciwon nan ya kashe. Wata tsohuwa ita kaɗai ta lissafo mutum huɗu. Kawu na kwance yana kallon rufin ɗaki. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na fita na share hawaye.

Ku san wane ne Kawu. Shekara da shekaru shi ke haska fim a wani gidan silima na Yamai, tun kafin a rufe gidajen. Saboda yawan kallo, ya haddace tsofaffin finafinan nan marasa launi. Muna yara, in mun zo hutu, yakan rage sautin tele ya fassara mana da Hausa mai daɗi. Kullum cewa yake mutanen finafinan da, ko zagi za su yi sai sun sa masa riga. Mutumin da magana ce adonsa, yau bakinsa ya ɗan karkace, kunya ta sa ya yi gum.

Rana ta uku da hantsi, Inna da yayata suka tafi kasuwar Lazare cefane, aka bar ni jinya. Shirun ya ishe ni. Na lalubo wani tsohon fim na Faransanci a wayata, na jingina ta da filo a gabansa. Bai ko motsa ba. Faransancina na sayen tumatir ne, amma na ce bari in yi masa fassara kamar yadda yake yi mana. Aka nuno wani mai gida cikin kwat yana nuna wa baƙonsa ƙofa, na ce: "Kai, ɗan iska, fice mini daga gida kafin in ci mutuncinka!"

Sai na ga Kawu ya runtse ido kamar na taka masa ƙafa. Na ci gaba da ɓarna, na sa baƙon ya rama da ashar. Can na ji wata murya a shaƙe, kalmomin na fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba haka ya ce ba."

Na dake, na ce to me ya ce, Kawu? Ya daɗe yana kokawa da harshensa, ni kuma na ƙi taimaka masa.

"Cewa ya yi, yallaɓai, ƙofar gidana tana kewarka tun shigowarka. Ka daure ka gaishe ta a hanyarka ta fita."

Ai ban san lokacin da na fashe da dariya ba, har da buga cinya. Kawu ya dube ni, kafaɗarsa mai lafiya ta fara rawa, sai ga shi yana ƙyaƙyatawa, hawaye na bin kumatunsa. A haka Inna ta same mu. Ta yar da ledar cefane tana salati, ta ce na zo daga Maraɗi in kashe mata miji, ta ruga ta kira maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya. Matar ta auna jininsa ta ce lafiya lau. Ta yi wa Inna bayani cewa ɓacin rai da damuwa aka hana shi, dariya kuwa tana sassauta jiki, tana buɗe ƙirji, tana jawo cin abinci, kuma duk abin da zai sa ya yi magana magani ne. Inna ta je da kanta ta yaye zanen tele. Ranar Kawu ya cinye dambun zogalensa tas.

Kwana huɗu muka ƙara. Kowace rana sai an sa fim, in ɓata, ya gyara, har maƙwabta suka fara zuwa da kujerunsu. Ya ce Hausata ta ƴan tasha ce, kuma ban musa ba.

Mun dawo Maraɗi lafiya, ƙafafu a kumbure. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mukan je dubiya da nufin alheri mu ƙara wa marar lafiya ciwo da dogayen fuskokinmu. In za ku je, ku tafi da addu'a, ku tafi da abin da mutumin yake so tun yana da lafiya.

Mama ba ta yarda da labarina ba, ta ce na cika ƙarin gishiri. Sai na kira Yamai na miƙa mata wayar. Ina jin muryar Kawu a hankali yana cewa, "Yaya, barka da gida." Mama ta buɗe baki za ta amsa, magana ta ƙi fita, shi kuma yana ta tambayar ko tana jin sa.