Yadda Inna Ta Daina Shan Ruwan Pompo

Wata ranar Laraba ce cikin bazara, shekarar da nake aji biyar a lakkwal, makarantar boko. Na dawo gida da rana tsaka, jakata a ka, na tarar da Inna zaune a gindin itacen bedi tana kankare cikin butar shayin Baba da bayan cokali. Wani farin abu ke zubowa kan zanenta, kamar ɓawon ƙwai da aka murƙushe. Shekararmu biyu ke nan da tasowa daga Kiéché zuwa Dogon Dutsi, tun da Baba ya samu aikin gadi, kuma ba a yin sati biyu ba a yi wannan kankara ba. Ni kuwa da safiyar ranar mushe, wato malaminmu, ya yi mana darasi kan ruwa, ina ta ɗokin in nuna na san abin da manya ba su sani ba. Na tsuguna na lakato farin abin da yatsa, na ce, "Inna, kin san mi ne ne wanga? Mushe ya ce dutse ne narkakke cikin ruwa." Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana. Ta ajiye cokalin ta ce, "Ke, dutse? Shi muke sha?" Na ce shi fa. Ta jima tana leƙen cikin butar, sannan ta ce, "In ya yi ma ƙarfe haka, ina ga cikin mutum?"

Mushe ya ƙara da cewa shan ruwan ba ya cutar da kowa, sai dai ya wahalar da tukunya da wanki. Wannan rabin ban kawo shi gida ba. Ba ɓoyewa na yi ba, bai yi mini daɗin faɗa ba ne kawai.

Gaskiya ruwan ya riga ya gajiyar da ita tun kafin in buɗe baki. Sabuni ba ya kumfa, sai wani kauri mai toka-toka da ke yawo a saman bahon wanki, mu yi ta cuɗa har hannu ya yi fari. Rigar lakkwal ɗina in ta bushe a igiya sai ta sandare kamar fatar da aka shanya. Wake ya wuni kan murhu yana cin itace bai nuna ba, sai an jefa kanwa, miya ta yi baƙi, Baba ya ci haka nan. Ranar kitso kuwa kuka nake, don gashina ya bushe yana karyewa a matsefi. Bakin pompon tsakar gida yakan toshe da farin nan, aikina ne in zura tsinken tsintsiya in buɗe shi. Mu yara dai abin wasa muka mai da shi. Manyan ɓallin da suka fito daga buta nakan tara a gwangwanin tumatir, mu zana gidajen wasa da su a simintin ƙofar gida, ni da ƙannena mata biyu, mu yi ta tsalle har a kira sallar magariba.

Daga ranar nan Inna ba ta ƙara kai ruwan pompo bakinta ba. Ta aika wa Kaka a Kiéché, aka shiga ɗoro mana bido biyu, wato jarkoki, na ruwan rijiya a motar kasuwa duk Juma'a. Ni ke zuwa tasha in jira, rana na dukana, in samu mai baro ya turo su gida. Girki da wanki da pompo take yi, ta ce wuta na cire dutsen, ga shaida nan a buta. Sha kuwa sai na bido. Bido biyu, mutum biyar, kwana bakwai, a zafin Dutsi. Mu take fara ba, mu sha mu ƙoshi. Kafin Talata sai ka ji moɗa na karo da gindin randa, ita kuma ta koma kurɓa ɗaya da safe, ɗaya da yamma. In Baba ya yi magana sai ta ce, "Ni raƙuma ce, Malam, ban jin ƙishi." Mu yi dariya. Alhali a lakkwal muna kafa baki a pompo lokacin shan iska, mu sha har ciki ya yi ƙara, mu goge baki kafin mu shigo gida. Da damina kaɗai nake ganin ta sake. Hadari na tasowa za ta jera bahuna da tukwane ƙarƙashin indararo, tana ba mu umarni kamar mai shirin biki.

Da na shiga kolej na gane kuskurena. Sau ɗaya na gwada gyarawa, muna tsinkar zogale. Ta yi dariya ta ce, "Jiya ke kin ce dutse ne, yau ke kin ce ba komi. Wace zan bi cikinku?" Na yi dariya ni ma, na bar maganar. Na ga shekaru sun wuce ba abin da ya faru.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da ciwo ya kayar da ita. Da hantsi tana shanya, sai na ji faɗuwar bahon. Na fito na same ta a ƙasa ta dafe kwiɓi tana birgima, tana wani irin ihu da ban taɓa ji daga bakinta ba, matar da ta haifi ƙannena a ɗakin da ke jikin nawa can Kiéché ban ji ko tari ba. Har yanzu in kwano ya faɗi a gidan nan sai in ruga in duba ta. A asibiti, bayan an ɗauki hoton cikinta, likita ya ce tsakuwa ce a ƙoda, ta hagu har ta kumbura. Inna ta juyo da ƙyar ta dube ni, ta ce, "Kin gani?" Likitan ya tambayi yawan ruwan da take sha a wuni. Da na faɗa masa sai ya ajiye biro. Ya ce ba pompo ya jawo ba, ƙishirwa ce ta shekara da shekaru, kuma in ba ta dage da shan ruwa mai yawa ba, kowane iri in dai mai tsabta ne, tsakuwar za ta dawo, ƙodar kuma ba lallai ta jure ba.

Mun dawo gida. Kaka ta rasu tuni, bidon ba kullum yake zuwa ba. Yanzu aikina ke nan, in cika kofi a pompo, in zauna bakin tabarmarta, in sha rabi tana kallo, in miƙa mata. Ta kurɓa sau biyu ta kawar da kai. In ce, "Inna, don Allah, ƙara kaɗan." Ta ce, "Ke, na gaji." Ni ma na gaji, amma in sake cikawa.

Nakan tuna ta a bakin rijiyar Kiéché, ina ƙarama ƙwarai, ta ɗaga guga da hannu biyu tana sha, ruwa na bin haɓarta har wuya, ta sauke tana haki tana dariya da matan unguwa. Wannan matar nake nema a bayan kofin. Da ina yarinya sau ɗaya na yi magana ta yarda, yau da na girma kullum sai na faro daga farko.