Bangon Kolo na Ƙarshe

Kolo mai zanen bango ne. A Birnin Damagaram an yi lokacin da mai gida ba ya jin zaurensa ya cika sai hannun Kolo ya bi ta fuskarsa. Ni maƙwabcinsa ne shekara arba'in, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe kamar kowane malami a nan, kuma na sha tsokanarsa cewa babba da shi yana wasan taɓo. Ba ya tankawa. Amma in ka kuskura ka taɓo zancen zane, ranar ka makara wurin aikinka.

Kayan aikinsa ba su da yawa: tsohon cokali da ya wasa bakinsa a dutse, guntuwar wuƙa, zare, da ƙwaryar ruwan jiƙa yatsu. Kullum da safe yakan share ƙofar gidansa ya ja da'ira da ƙulli a rairayi, ya goge da ƙafa ya sake, wai hannu ma mantuwa gare shi. Ba ya fara ƙawa sai ya raba bango da zare ya san tsakiya. Bini-bini ya sauko daga tsani ya tsallaka titi ya hango, don a cewarsa wanda hancinsa ke jikin bango ba ya ganin karkata.

Abin da Kolo bai iya ba shi ne hana ruwan sama. Zanen ƙasa yana son a sake shafe shi duk shekara kafin damina, mutanen garinmu kuwa yanzu sun fi ƙarfin wannan wahala, wai su an waye. Magada suka yi ta rushewa suna ɗora birgi, wato bulon siminti, wasu suka bar shi ya zube don kansa. Ina ji ina gani aikin shekara talatin ya koma bango guda, fuskar zauren marigayi Alhaji Inusa.

Ɗan Alhajin, Abdulaziz, ma'aikaci ne a Yamai, kuma ba zan yi masa ƙage ba, yana son zanen. Son ne ma ya jawo. Ya zo ya ce a lulluɓe shi da siminti shafal, a bi layukan yadda suke, a huta da gyara. Kolo ya gaya masa siminti ba ya kama ƙasa, in an toshe bangon laima za ta taru a ciki ta ci shi ta baya.

"To Baba, in ba ka nan, wa zai riƙa shafe shi?" in ji Abdulaziz.

 Ƴaƴan Kolo maza biyu ne, ɗaya kabu-kabu yake yi, ɗaya yana Agadas. Babu sunan da zai kira.

Shi ya yi aikin simintin da kansa, ya ce in dole sai an rufe, gara wanda ya san hanyar layukan. Kwana tara yana bi da cokalinsa. Ya yi kyau kuwa, har masu wucewa suna ɗaukar hoto, ni ma na ce masa ya cika baƙin baki. Damina biyu lafiya lau. A ta uku aka yi ruwa kwana biyu a jere, da hantsi fuskar zauren ta ɓalle gaba ɗaya kamar ƙanzo daga tukunya, ta tafi da zanen a bayanta.

Abdulaziz ya bugo waya ya ce a sake, da ƙasa wannan karon. Kolo ya kwaɓa ƙasa ya hau tsani, amma sanyin ƙashi ya riga ya lanƙwasa masa yatsu. Sau uku cokalin na faɗuwa ina miƙa masa. A na huɗu ya ce in bar shi, ya sauko.

"Zanen yana nan a kaina sarai, Mushe. Hannun ne ba ya karɓar saƙo."

An gine wurin da birgi, an shafa fenti ruwan ɗorawa. Raina yana ɓaci duk na bi ta lungun.

Kwanan baya wurin ɗaurin aure wani baƙo ya tambayi Kolo sana'arsa, ya ce shi mai zanen bango ne. Baƙon ya ji daɗi, ya ce a wace unguwa zai je ya gani. Kolo ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya juyo ya dube ni. Ni da ba a kayar da ni a magana, ban sami ko kalma ɗaya da zan ara masa ba.